An Ƙara Ganyen Sifirin, Sai Aka Ce Garanti Ya Mutu

Bara da kaka na raka kawuna, ƙanen mahaifiyata, zuwa wani kamfanin sayar da motoci a birni. Shi da abokan fataucinsa na hatsi, waɗanda ke kai-komo tsakanin Dandume da Bakori da Funtua, sun haɗa kuɗi sun sayi a-kori-kura sabuwa fil, domin sun gaji da tsohuwar da kullum take kwana a gareji. Da motar ta yi wata ɗaya a hannunsu, sai suka yi mata abin da kusan kowa ke yi wa irinta a yankinmu: bakanike ya ƙara ganye biyu a sifirin na baya, mai walda kuma ya ɗora mata kejin ƙarfe. A wata na bakwai sai kwamfiresar na'urar sanyaya motar ta tsaya cak.

Shugaban garejin kamfanin bai buɗe gaban motar ba. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, “Alhaji, ai an taɓa motar nan. Garanti ya faɗi.” Kawu ya dube ni ya ce, “To, ɗana, haka Allah Ya so. Mu tafi.” Ni kuwa na kasa tafiya, domin kwamfiresa tana gaba ne jikin inji, sifirin kuma yana baya ƙarƙashin bodi, kuma babu waya ko bututu ko bel da ya haɗa su.

Wannan jumla ta “an taɓa mota, garanti ya faɗi” ita nake son mu tuhuma yau. A ganina ƙwace ce da aka yi wa kwalliya da kalmomin ofis, kuma tana cin mutanenmu ne saboda mun yarda da ita kafin a faɗe ta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, don haka zan zo kan namu laifin, kuma ba zan sassauta ba.

Garanti saye aka yi, ba kyauta aka bayar ba

Garanti alkawari ne rubutacce daga wanda ya ƙera abu, cewa idan wani ɓangare ya lalace saboda aibin ƙira ko na kayan da aka yi shi da su, a cikin wani wa'adi, zai gyara ko ya canza ba tare da karɓar ko kwabo ba. A sababbin motoci a Najeriya wa'adin da aka fi gani shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya fara cika, wasu kamfanonin kuma suna kaiwa shekara 5. Kuɗin cika wannan alkawari yana cikin farashin motar tun ranar da aka saya. Yana daga cikin dalilan da suka sa sabuwar mota ta ninka ta Kwatano tsada. Wanda ya sayi ta Kwatano ya san daga shi sai bakanikensa. Wanda ya sayi sabuwa kuwa ya biya kuɗin mota, ya kuma biya kuɗin alkawari.

Wani zai ce, mutum nawa ne ke sayen sabuwar mota a Funtua ko Malumfashi? Ba su da yawa, gaskiya ne. Amma a ƙidaya da ƙungiyoyin manoma da ke haɗa jari, da ƙananan hukumomi, da asibitoci da makarantu masu motocin aiki. A ƙara da baburan haya da a-daidaita-sahu da ake bayarwa sababbi a biya kaɗan-kaɗan, da taraktocin da gwamnatoci ke rabawa, da injinan ban-ruwa na fadamun Danja da Kafur, da injinan casar masara da waken suya. Duk waɗannan suna zuwa da takardar garanti, kuma duk ana kashe takardar da jumla iri ɗaya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, farashin kayan gyaran da ake shigowa da su ya yi tashin da gyara guda zai iya cinye ribar kaka. Garantin da a da ake jefawa a aljihun mota a manta, yanzu dukiya ne.

Idan mai karatu ya buɗe littafin garantin yawancin manyan kamfanonin mota, abin da zai tarar shi ne: kamfani ba ya ɗaukar nauyin lalacewar da ta samo asali daga canji ko ƙari ko amfani da kayan da ba nasa ba. A lura da “ta samo asali daga”. Sharaɗin ya ɗaure hani da sanadi. Abubuwan da kan rushe garanti ɗungurungum kaɗan ne, kamar murɗe agogon kilomita yadda ba za a san tafiyar da mota ta yi ba, ko haɗarin da ya sa aka yanke cewa motar ta tashi daga aiki. Ƙarin ganyen sifirin ba ya cikinsu. Wato sau da yawa mutumin da ke bakin gareji yana faɗin abin da ya fi littafin kamfaninsa tsanani, ya dogara da cewa Alhajin da ke gabansa bai karanta ba.

Wace taɓawa ce ke taɓa me

Hujja ba ta tsayuwa sai an san yadda mota take aiki, don haka bari mu bi canje-canjen da aka fi yi a yankinmu ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarin sifirin yana hana bayan mota zaunawa idan an yi lodi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya ƙarfi, ba ya ƙara wa boris ko birki ko taya ko kuloci komai. Nauyin da irin wannan a-kori-kura za ta iya ɗauka yana rubuce a jikinta da cikin littafinta, kuma bai cika wuce tan ɗaya ba, har da direba da fasinja da kejin da aka walda. Buhun masara kilo 100 ne. Lissafin bai wuce buhu 8 ko 9 ba. Wanda ya ƙara sifirin ya ɗora ninkin haka, boris ya ƙone ko ƙashin motar ya tsage, ba shi da bakin neman garanti a kan waɗannan. Amma yana da cikakken haƙƙi a kan kwamfiresa da injin ɗaga gilashi da rediyo da fenti.

Cire tamostat al'ada ce da ta zama kamar farilla a garejinmu. Hujjar ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Aikinsa kuwa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan an cire shi, inji kan daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfutar motar ta riƙa zuba mai fiye da kima, ƙarafan ciki su riƙa cin juna. Wanda ya yi wa sabuwar mota haka, ya saka garantin injinsa a haɗari da hannunsa. Haka wanda ya bari aka fasa salansa aka zare abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, wanda ake nema ruwa a jallo saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam. Na'urorin auna iskar hayaƙi za su riƙa aika wa kwamfuta labarin da ba daidai ba, fitilar gargaɗi ta kunnu ta ƙi mutuwa. Haka kuma wanda littafi ya ce ya zuba baƙin mai 5W-30, ya zuba 20W-50 don wai mai kauri ya fi.

Na'urar bin sawun mota da ƙarin fitilu nasu hukuncin daban ne. A yankin da ake ƙwace ababen hawa a kan hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wanda ya saka na'urar bin sawu ya yi hankali. Idan mai rewaya ya yanka wayoyi barkatai har wani abu ya ƙone, garantin wannan layin lantarki ya tafi, kuma mai rewaya ne ya kamata a kama. Giya da birki ba su san an yi ba.

Ƙa'idar a bayyane take: kowane canji yana da iyakar inda hannunsa ke kaiwa. Aikin injiniya ne ya nuna iyakar. Leƙen ƙarƙashin mota na daƙiƙa goma bai kai a kira shi bincike ba.

Abin da wasu ƙasashe suka riga suka yanke

Rigimar nan tsohuwa ce. A 1975 Amurka ta kafa dokar garanti da ake kira Magnuson-Moss, da sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Sanata Warren Magnuson da John Moss. Dokar ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyaransa ko garejinsa, sai fa idan kyauta yake bayar da su. Hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta bayyana cewa kafin kamfani ya ƙi gyara, sai ya nuna cewa kayan da aka saka daga baya ne suka jawo lalacewar. A 2018 hukumar ta aika wa manyan kamfanoni shida takardar gargaɗi a kan irin waɗannan sharuɗɗa, a 2022 kuma ta sa Harley-Davidson, mai ƙera babura, ya gyara kalmomin garantinsa. Tarayyar Turai ta bi ta hanyar dokar gasar kasuwa: a ƙarƙashin tsarinta na 2010 kan kasuwar gyaran mota, tilasta wa mai mota yin sabis a garejin dila kaɗai a matsayin sharaɗin garanti abu ne da ke iya saɓa wa doka.

Idan an ce waɗannan ƙasashen masu arziki ne, ga Afirka ta Kudu. Daga 1 ga Yuli 2021 jagororin Hukumar Gasar Kasuwa ta ƙasar suka fara aiki, inda suka bai wa mai sabuwar mota damar kai ta garejin da ya ga dama, da saka kayan da ba na kamfani ba, ba tare da garantin ya rushe gaba ɗaya ba. Idan kayan ko aikin suka jawo ɓarna, wannan ɓarnar ce kamfani zai iya janye hannunsa daga gare ta. Da yawa daga kamfanonin da ke bin wannan tsari a can su ne ke sayar mana da motoci a nan.

Manoma ma sun yi nasu yaƙin. A Amurka an shafe shekaru ana ja-in-ja da John Deere a kan 'yancin manomi ya gyara taraktarsa. A Janairu 2023 kamfanin ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar, a shekarar kuma jihar Kolorado ta kafa dokar 'yancin gyaran injinan gona. Kukan manomin can shi ne kukan na Malumfashi: damina ba ta jiran injiniyan kamfani.

Kuma ba sai mun ƙetare teku ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki a Risalar Ibn Abi Zaid ya san hukuncin aibi a mazhabar Malikiyya. Idan mutum ya sayi abu ya gano tsohon aibi a cikinsa, sannan wani sabon aibi ya auku a hannunsa, sabon ba ya shafe haƙƙinsa a kan tsohon. Ana ba shi zaɓi: ya riƙe abin a biya shi kimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya kimar abin da ya ɓata. Kowa ya ɗauki gwargwadon nasa. Malaman fiƙihu sun warware wannan shekaru dubu da suka wuce, kuma a kansa kasuwannin dabbobinmu suka daɗe suna tafiya.

Dokarmu tana nan, ba a tashe ta ba ne

Najeriya tana da Dokar Gasar Kasuwa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 114 ya bai wa mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan ciniki na zalunci ko na rashin hankali. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin kaya masu inganci, marasa aibi, na 132 kuma ya ba shi wata uku ya mayar da kayan da suka gaza, a gyara ko a canza ko a mayar masa da kuɗinsa. Sai sashe na 145, wanda ya fi dacewa da zancenmu: idan aka yi zargin kaya suna da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar.

Ba na cewa dokar ta ambaci sifirin ko tamostat, kuma wata ukun sashe na 132 ya riga ya wuce kawu lokacin da kwamfiresarsa ta tsaya. Abin da nake cewa shi ne, sharaɗin da zai ce canji a bayan mota ya soke alkawari a kan gabanta yana da wuyar tsallake ma'aunin sashe na 127, kuma dilan da ya ce “kai ka jawo” shi ya kamata ya nuna yadda aka yi. Littafin garanti mai shafuka da yawa cikin Turancin lauyoyi, da aka miƙa wa bafataken hatsi bayan ya gama biyan kuɗi, shi ma abin tambaya ne a ƙarƙashin sashe na 114.

Hujjar dila, da inda ta tsaya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Dila zai ce kasuwa cike take da jabun kayan gyara, kuma gaskiya ne. Zai ce man da ake sha ba koyaushe yake da kyau ba, kuma ba mu manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi a Fabrairu 2022 ba. Zai ce ana kawo masa motocin da aka wahalar da lodi a ce aibin kamfani ne. Zai ce shi ma sai ya gamsar da uwar kamfani kafin a biya shi kuɗin gyaran garanti. Duk na yarda.

Amma waɗannan dalilai ne na a yi bincike da kyau. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya halatta a ƙi dubawa. Kamfanin da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, da injiniyoyin da ya horar, shi ne ya fi kowa ikon gano sanadi. Idan ya zaɓi kada ya duba, to ya ga riba ne a cikin rashin dubawar.

Sannan kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayar wa bafataken Dandume a-kori-kura ya san hatsi za ta ɗauka, ya san irin hanyoyin da za ta bi da damina. Ya kuma san cewa garejin da ya amince da shi galibi yana Kano ko Kaduna ko Abuja. Idan littafi ya ce a kawo mota sabis duk kilomita 5,000, motar da ke bin kasuwannin mako-mako za ta cika wannan cikin 'yan makonni. Kowace tafiya kuma yini guda ne da man zuwa da dawowa, a lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kamfani ya karɓi kuɗin mutanen Funtua, ya ƙi kafa ko da rumfar sabis a Funtua, garin da yake mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, sannan ya hukunta su don sun je wurin bakaniken gida. Wannan sharaɗi ne da aka san tun farko ba za a iya cika shi ba.

A kan tarakta abin ya fi ciwo. Lokacin huɗa 'yan makonni ne a farkon damina. Idan tarakta ta tsaya a gona a Kafur, ko dai mai ita ya kira bakaniken Malumfashi ya ceci shukarsa ya rasa garanti, ko ya jira injiniya daga birni ya rasa shekara. Babu manomin da zai zaɓi na biyu, kuma masu sayarwa sun san haka.

Tukunyar gas: rigimar da ke tafe

Bayan cire tallafin mai, gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a 2023, tana ta kira ga direbobi su canza. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, idan ya fara aiki zai kusanto da wannan mai ga yankinmu. To amma mayar da mota mai gas shi ne babban canjin da za a iya yi wa inji. Ana taɓa hanyar mai da wayoyin kwamfuta, ana ɗora tukunya mai nauyi da ke riƙe iska a matsin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Gas busasshen mai ne, kuma a injin da ba a shirya shi dominsa ba yana iya cin mazaunin bawul da sauri. A nan kamfani yana da hujja ta gaske idan ya janye garantin inji.

Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin da kamfani ya ajiye. Gwamnati tana cewa ku canza, dila yana cewa kun canza kun fita daga hannuna, wurin da ya yi aikin kuma ya ba da rasit kawai. Bai kamata a bar wata cibiya ta taɓa injin mutum ba sai ta ba shi rubutaccen garantinta a kan kayan da aikin, ya kuma kamata a sa kamfanonin mota su faɗa a rubuce waɗanne ɓangarori suka fita daga alkawarinsu bayan canji, waɗanne suka rage. Batun tukunyar da aka walda a bayan gari kuwa ya wuce zancen garanti. A Oktoba 2024 irinta ta fashe a wani gidan gas a Benin ta jikkata mutane. Wanda ya ɗora wannan a bayan motar haya yana wasa ne da rayukan fasinja.

Namu laifin

Na yi alkawarin ba zan sassauta ba. Muna sayen abin miliyoyi mu ƙi karanta takarda mai shafi ashirin. Muna barin bakanike ya cire abin da injiniyoyi suka saka da dalili, saboda “haka ake yi”. Ba mu karɓar rasit idan an yi mana aiki, ba mu rubuta ranar da aka canza baƙin mai da kilomitar da agogo ya nuna, sai ranar rigima mu tsaya da rantsuwa kawai. Mafi muni, akwai masu cire abin da suka ƙara kafin su kai mota wurin dila, su rantse ba a taɓa ta ba. Wannan algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun waken suya, kuma kowane irinsa yana ƙara wa dila hujjar zargin mai gaskiyar da zai zo bayansa. Haka nan wanda ya canza mota ya ɓoye wa kamfanin inshora, yana iya tarar da cewa takardar da yake biya ba za ta yi masa rana ba.

Ba za mu nemi a ɗaure hani da sanadi ba, sannan mu ƙi amsa sanadin idan namu ne.

Abin da ya kamata a yi

FCCPC ta fitar da jagora a kan garantin ababen hawa da injinan gona irin na Afirka ta Kudu: ba a ƙin gyara sai da rubutaccen rahoto da ya nuna alaƙa tsakanin canji da lalacewa. Gwamnatin Katsina da ƙananan hukumomi, idan za su sayi taraktoci ko motoci da yawa, su saka a kwangila cewa mai sayarwa zai ajiye injiniya da kayan gyara a shiyyar Funtua, ya kuma horar da makanikan gida ya ba su shaidar amincewa. Mai sayen hamsin yana da bakin da mai sayen ɗaya ba shi da shi. Bankunan da ke ba da rancen sayen waɗannan injuna su sa baki, domin injin da ya tsaya ba ya biyan bashi. A kuma fassara sharuɗɗan garanti zuwa Hausa a shafi guda, a karanta wa mai saye kafin ya biya.

Ku kuma masu karanta wannan, lauyoyi da ma'aikatan banki da malaman gona da likitoci, kowannenku yana da kawu ko yaya da ya zuba jarinsa a kan ƙarfe mai taya. Ku karanta masa littafin. Kafin ya canza wani abu, a tambayi dila a rubuce me canjin zai shafa. A ajiye rasit da hoton kowane aiki. Idan an ƙi gyara, kada a yi musu a bakin gareji, a nemi dalili a takarda mai sa hannu, a kuma sani cewa ana iya kai ƙara FCCPC ko kotu.

Abin da muka yi wa kawu ke nan. Na rubuta wasiƙa mai sakin layi biyu, na haɗa da hoton shafin littafinsu, na roƙi su bayyana mana a rubuce ta yaya ganyen sifirin na baya ya kashe kwamfiresar da ke gaba. Ba su amsa tambayar ba. Bayan mako uku suka kira suka ce a kawo motar, za su canza kwamfiresar “a matsayin alfarma”. Kawu ya yi ta sa musu albarka. Ni ban ji daɗin kalmar ba, domin abin da aka biya kuɗinsa ba a kiransa alfarma, kuma bafataken da ba shi da ɗa mai rubuta wasiƙa zai ci gaba da komawa gida hannu rabbana.

A hanyarmu ta dawowa, mun wuce Giwa, na ce, “Kawu, buhu nawa kuke ɗora mata ranar kasuwar Dandume?” Ya yi shiru, sannan ya faɗi adadin. Na ce masa ranar da boris ɗin baya ya ƙone, kada ya aiko a kira ni, don wannan wasiƙar ba zan rubuta ta ba.